Kazar Abrehet

Lahadi, 3 ga Disamba, bayan coci

An kunna kyandir na farko yau. Huɗu ne a kan teburin, kowace Lahadi a kunna ɗaya har Kirsimeti ta iso. Fasto ya ce na yau na sa zuciya ne, ya yi dogon wa'azi da Larabci a kan jira. Rabinsa ya wuce ni, don ni hankalina yana kan labule, ina tunanin launin da tsohuwa za ta so.

Mama Toto za ta zo. Na rubuta ne don in gani da idona. Uwar mijina, wadda ban taɓa gani ba sai a hoton waya, za ta yi Kirsimeti a ɗakina. Ranar bikinmu da Kafi tana kwance a Khartum ba lafiya, bayan nan yaƙi ya kore ta zuwa Madani wurin wata ƙanwarta. Yanzu likita ya sa ranar da zai cire mata yanar ido. Kafi zai je ya tsaya mata, in ta huta ya kawo ta nan Gadarif. Ya ce, "Ke ce abu na farko da za ta gani a garin nan, don haka ki yi kitso."

Na ce masa ni ungozoma ce, 'yar Malumfashi, na baro ƙasata na zo karɓar haihuwa har Sudan, babu tsohuwar da za ta ba ni tsoro. Cika baki ne kawai. Tun jiya nake ta wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

Talata, 5 ga Disamba, da la'asar

Mun sayi rago. Baba Abdulhamidu, mai gidan da muke haya, shi ya raka ni kasuwar dabbobi. Kakanninsa a ƙafa suka taso daga Haɗeja za su hajji, suka yada zango a nan, zangon bai tashi ba har yau. Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya ce, "Wannan kwayis ne, mai kyau ne, ya bitti, 'yata. Kada ki kula da kukansa." Kukan kuwa ba ya ƙarewa, tun daga kasuwa yake ba mu umarni. Na sa masa suna Mudir, kamar shugaban asibitinmu.

Baba ne zai yanka. A gidanmu mahaifina bai taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa ba. Maƙwabci Musulmi ake kira, don kowa a layi ya ci ba tare da ya yi tambaya ba, haka na tashi na gani, haka na kawo nan. Kafi yana ta yi mini tsiya, wai shi magidanci ne da aka hana taɓa wuƙa a gidansa, amma ake aronsa a gidan wata.

Gaskiyarsa. Abrehet, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, 'yar Habasha ce mai sayar da gahawa a bakin kasuwa. Su tasu Kirsimetin sai bakwai ga Janairu, kuma kafin ranar azumi suke yi, ba nama, ba ƙwai, ba madara. Ba sa cin yankan da ba na Kirista ba, mace kuma ba ta yanka. Babu namiji a gidanta. Don haka kowace shekara Kafi ke zagayawa ya yanka mata kaza da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ta riga ta sayi ta bana, wata ja mai ƙiba, tana ta tone mini gindin katanga.

Ni dai layin nan yana ba ni dariya. Baba ya yanka mini, mijina ya yanka mata, kowa ya ƙoshi.

Lahadi, 10 ga Disamba, da azahar

Kyandir na biyu, na salama. Na yi ƙoƙari in nutsu, na rufe ido in yi addu'a, sai ga ni ina lissafin albasa. Ya Ubangiji, ka san ni. In na yi murna ba na iya zama wuri ɗaya. Ka karɓi sharar ɗakin da na yi a matsayin shiri, don ai kai ma baƙo ne da ake jira.

Masassaƙi ya kawo angarib ɗin Mama, sabon gadon igiya, yana ƙamshin itace. Hajja Batulu, matar Baba, ta zauna a kai ta gwada, ta ce, "Matar Kafi, wannan ai na amarya ne. Ni da na ba ki ɗaki ba ki taɓa saya mini ko kujera ba." Ta tafi da alkawarin koya mini kisira, wainarsu ta dawa mai faɗi marar kauri, wai in ban gyara hannuna ba surukata za ta ɗauka tabarma na toya.

Talata, 12 ga Disamba, da hantsi

Ya tafi. Mai gonar da yake gyara wa injin girbi a Gadambaliya ya yi ta ƙorafi, wai ana tsakiyar yankan dawa babu makanikin da ke barin inji. Kafi ya ce inji yana da wani makaniki, uwarsa ba ta da wani ɗa. Na cusa masa gasasshen riɗi da sabon mayafi na Mama, mai ruwan ganye. A bakin ƙofa ya leƙa katanga ya ce wa Abrehet ta ci gaba da ciyar da kazar, yana nan dawowa ranar Litinin.

Alhamis, 14 ga Disamba, bayan magariba

An yi aikin, an yi lafiya. Na ji muryar Mama a waya. Ƙarama ce, da ɗan rawa, amma akwai tsiya a ciki. Ta ce, "Bitti, an naɗe mini fuska kamar sabon tulu. In na zo zan duba ko ɗana ya iya zaɓe." Na ce mata ya iya. Ta yi dariya har Kafi ya karɓe wayar, wai likita ya hana ta jijjiga.

Na taka rawa ni kaɗai a tsakar gida. Mudir ya tsaya yana kallona kamar zai rubuta mini takardar gargaɗi.

Juma'a, 15 ga Disamba, da azahar

An ce an ji ƙarar bindigogi a gabashin Madani tun safe. Kafi ya ce nesa ne, kada in saurari mutanen kasuwa. Na rataya labulen. Shuɗi na zaɓa.

Asabar, 16 ga Disamba, da yamma

Hanyar Fau, wadda ta miƙo daga Madani zuwa nan, ba ta biyuwa. Kafi ya ce za su ɗan dakata, idon bai son ƙura da girgizar mota. Ya yi magana da sauri, akwai hayaniya a bayansa. Kisirata ta yau ta fi ta jiya, Hajja ta ce an kusa gane ta.

Lahadi, 17 ga Disamba, bayan coci

Kyandir na uku, na murna. Rabin cocin kowa wayarsa na hannunsa a ƙarƙashin benci. Fasto bai hana ba. Ya ce murnar da ake nufi ba sai labari ya yi daɗi ba, murna ce ta wanda ya san mai zuwa yana hanya. Na riƙe wannan da hannu biyu. Na fi kowa ɗaga murya a waƙa, har matar da ke gabana ta waiwayo.

Yana hanya. Gobe Litinin.

Litinin, 18 ga Disamba, da yamma

Waya ba ta shiga. Mudir yana nan lafiya.

Talata, 19 ga Disamba, da safe

Ba ta shiga.

Alhamis, 21 ga Disamba, da la'asar

Madani ta faɗi, garin nan ya cika da masu gudu. Manyan motocin da ke ɗaukar dawa yanzu mutane suke saukewa, da katifu da tukwane, wasu da takalmi ƙafa ɗaya. Sun ce ta kudu suka zagayo, ta Sinja da Dindir da Hawata. Makarantar bayan asibiti ta cika, harabar cocinmu ma haka. Jiya na karɓi haihuwa a tashar mota, a bayan wani zane da mata biyu suka riƙe. Namiji ne, ya fito yana tsala ihu kamar an ci masa bashi. Na yi dariya, uwar ma ta yi. Ina wanke shi a cikin kwanon wanki na tuna cewa labarin da muke shirin yi wa biki ma haka yake, mace a garin da ba nata ba, ba ɗaki, ba gado. Duk shekarun nan ina jin labarin da kayan ado. Jiya na ji warinsa.

In na tashi aiki nakan biya tasha. Ba wani abu ba, a kan hanyata take. An sa dokar hana fita da yamma, sai in dawo da wuri in ba Mudir ruwa.

Lahadi, 24 ga Disamba, da yamma

An kunna na huɗun, na ƙauna, duk suna ci tare. Sujadar da aka saba yi da dare, da rana aka yi ta saboda doka. Baƙin da ke kwana a haraba suka shigo, mu da muka saba da benci muka tsaya a baya. Na yi kitson. Hajja ce ta yi mini, ta ja gashin sosai, ba ta tambaye ni komai ba, na gode mata a raina.

Litinin, 25 ga Disamba, da hantsi

Baba ya yi sallama da sassafe, da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Na ce masa a bari tukuna. Ya dube ni, ya dubi ragon, ya ce, "Halas, shi ke nan, ya bitti. Wuƙa ba ta ruɓewa. Ranar da kika ce, ina nan." Ya juya.

Na shiga ɗakin Mama na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ban yi addu'a ba. Na ce wa Allah abin da ke raina, kuma ba mai daɗi ba ne.

Da la'asar

Dole in rubuta wannan yanzu. Abrehet ta leƙo ta katanga da butar gahawa, ta ce, "'Yar'uwa, me ya sa kika zauna kamar an gama biki? Kirsimeti ba ta zo ba tukuna." Na ce yau ce mana. Ta ce, "Taku ce ta yi gaggawa. Ta gaskiyar saura mako biyu. Ki shigo tamu."

Na yi dariya har hawaye. Ashe akwai wata a gaba. Wace irin ƙasa ce wannan da in ka rasa Kirsimeti ɗaya ake ba ka ta biyu? Na tashi na wanke fuska, na sha gahawarta finjali uku. Ta jera finjalai a faranti, ɗaya a kife a gefe. Kullum haka take yi tun da na san ta, ba ta taɓa faɗa mini na wane ne ba. Yau ne na fara lura da kyau.

Na ce mata zan shiga azuminsu har ranar. Ta ce ba zan iya ba, 'yan cocinmu ba su san yunwa ba. Za ta gani.

Laraba, 27 ga Disamba, da azahar

Labari! Wata mata da na duba a makaranta ta ce ta ga wani dogon mutum baƙi a hanyar Dindir, yana tura amalanke da tsohuwa a kai, fuskarta a naɗe. Na tambaye ta launin mayafin. Ta ce ba ta lura ba, amma kamar kore. Na rungume ta har ta tsorata.

Baba ya kira wani ɗan ƙanensa, Tukur, direban babbar mota da ke jigila tsakanin nan da Hawata. Ya kwatanta masa Kafi, ya ce ya duba duk inda ake sauke mutane. Na dawo gida na sake share ɗakin, na shanya zanin gado. Kisirata yau har haske ake gani ta cikinta.

Juma'a, 29 ga Disamba, da yamma

Tukur bai ga kowa ba. Dogayen mutane da tsofaffi sun yi yawa a hanyar nan. Mudir yana nan lafiya, ya cinye mini igiyar shanya.

Lahadi, 31 ga Disamba, da la'asar

Fasto ya ce kowa ya duba abin da zai bari a tsohuwar shekara. Ina zaune ina kallon yaran haraba ta taga, suna lasar tukunyar adas, ƙananan waken garin nan, da yatsa, sai na gane abin da nake yi. Ba don Kafi na ajiye ragon ba. Ciniki nake yi. Na ɗaure shi a tsakar gida ina ce wa Allah, ba zan yi maka biki ba sai ka ba ni nawa. Kamar Yaron da aka haifa sai da izinina zai zo.

Na ji kunya, daga baya kuma na ji wani sauƙi da ban san daga ina ya fito ba. Daga coci gidan Baba na wuce, na ce gobe. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

Ya Ubangiji, ban daina jira ba. Igiyar kawai na kwance.

Litinin, 1 ga Janairu, da yamma

An yi biki. Baba ya yanka, Hajja ta tattaro matan layi, muka dafa a manyan tukwane muka kai haraba da makaranta. Musulmi da Kirista kowa ya miƙo kwano, babu wanda ya tambayi wa ya yanka, amma ni na san amsar in an tambaya. Wata tsohuwa ta tsotse ƙashi ta sa mini albarka da wani yare da ban sani ba. Hajja ta saka mini tsoka a baki, na tuna azumi na tofar, ta ce na zama 'yar Habasha ƙarfi da yaji.

Tsakar gidan ya yi shiru. Ban zaci zan yi kewar kukan ba.

Alhamis, 4 ga Janairu, da la'asar

Na ce wa Abrehet ta kai kazar wurin dattawan cocinsu a yanka mata ranar Lahadi, kada ta zauna ba nama bayan wannan dogon azumi. Na faɗa mata yadda na ji sauƙi da na saki nawa. Ta saurare ni har na gama wa'azina, ta ce, "Ke kin saki naki, ya yi kyau. Kafi ya ce in ciyar da ita, yana dawowa. Shi ke yanka mini." Ta ci gaba da dakan barkono.

Ni na saki, ita ta riƙe, kuma ban ga wadda ta fi wata bangaskiya ba.

Asabar, 6 ga Janairu, da azahar

Tukur ya kira. Ya same shi a Hawata, a bakin kogi, zaune a gindin wata bishiya. Yana da rai, yana tafiya da ƙafarsa. Gobe da safe za su taso da lodin dawa.

Yana da rai. Na ruga na faɗa wa Hajja, ta yi guɗa, Abrehet ta durƙusa a tsakar gidanta ta sumbaci ƙasa. Na ɗora ruwa, na sauke, na sake ɗorawa. Kitsona ya tsufa, ba komai.

Tukur ya ce, "Na same shi." Shi, ba su ba. Baba ya karɓi wayar ya koma gefe, suka daɗe suna magana da Larabci ƙasa-ƙasa. Ban tambaya ba.

Lahadi, 7 ga Janairu, da yamma

Ya iso da hantsi, shi kaɗai. Ya rame, gemu ya rufe masa fuska, takalman da ke ƙafarsa ba nasa ba ne. Na riƙe shi a bakin ƙofa, ban san tsawon lokacin ba. Mayafin mai ruwan ganye yana ɗaure a ƙugunsa. Ya shiga ɗakin da na shirya, ya dubi labulen, ya kwance mayafin ya ninke shi ya ajiye a kan sabon gadon. Ya ce, "An kwance mata bandejin a hanya. Ta gani. Na nuna mata hotonki kafin wayar ta mutu, ta ce na iya zaɓe." Bai faɗi inda ya binne ta ba, ni ma ban nema ba.

Ya yi wanka, ya sha ruwa. Sai muka ji kukan kaza ta bayan katanga. Ya ɗaga kai ya ce, "Yau bakwai ga wata?" Na ce ya huta, ya ce a'a, ya yi alkawari.

Muka zagaya. Abrehet ta dawo daga cocinsu cikin fararen kaya, albasa ta riga ta narke a tukunya, ƙamshin barkono ya cika gidan. Ta ɗaure ƙafafun kazar ta miƙa masa, ta miƙa wuƙa. Ya tsuguna, ya taka fikafikan yadda ya saba. Ya ce da sunan Uba. Ya ce da Ɗa. Sai ya tsaya. Yana kallon wuyan kazar, gumi yana zuba daga goshinsa. Mutumin da ke kwance injin girbi da hannu ɗaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Abrehet ta tsuguna a gabansa. Ta zare wuƙar daga hannunsa a hankali, kamar yadda ake karɓe abu a hannun mai barci. Ta kwance ƙafafun kazar. Kazar ta miƙe, ta girgije, ta nufi gindin katangata ta ci gaba da tono.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri," in ji Kafi. "Kin yi azumi."

"Na ce kai ke yanka mini," in ji ta. "Ban ce yau ba."

Ta juye adas a cikin albasar da ta soya don kaza. Muka zauna mu uku a kan tabarma muka ci da hannu daga faranti ɗaya, ta yi ta cusa masa loma a baki kamar yadda suke yi wa wanda suke ƙauna, yana ci yana kuka, ba wanda ya hana shi. Ban taɓa cin Kirsimeti ba nama ba sai yau, kuma na ƙoshi.

Da ta kawo gahawa, na ga finjalai biyu a kife a gefen faranti, wanda ta saba kifewa da na Mama.